Andy Ganteaume: ya ci maki 112 a wasansa na farko, ba a sake sa shi ba (tambayoyi da amsoshi)

A watan Fabrairun 1948, wani akawun gwamnati ɗan shekara 27 ya shiga filin kurket na Queen's Park Oval da ke birnin Port of Spain riƙe da sandar bugu. Ya tsaya gaban 'yan wasan Ingila kimanin sa'o'i huɗu da rabi, ya ci maki 112, jama'ar garinsu suka yi ta tafi. Daga ranar bai ƙara buga wa tawagar West Indies babban wasan ƙasa da ƙasa ba, ko sau ɗaya, har ya koma ga Mahaliccinsa yana da shekara 95. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan mutumi, da amsoshinsu.

Wane ne Andy Ganteaume?

Cikakken sunansa Andrew Gordon Ganteaume. Sunan gidan nasu na Faransanci ne, ana furta shi kamar "Gantom". An haife shi ranar 22 ga Janairun 1921 a unguwar Belmont da ke Port of Spain, babban birnin tsibirin Trinidad, lokacin tsibirin yana hannun Turawan Ingila. Yana da jinin Afirka da na Indiya, kamar mutane da yawa a wannan tsibiri da aka fara kai bayi daga Afirka, daga baya kuma aka kai leburori daga Indiya don aikin gonakin rake.

Ya fara buga wa Trinidad kurket a 1941, yana ɗan shekara 20, a karawarsu da Barbados. An sa shi ne a matsayin mai tsaron bayan turaku, aka kuma ajiye shi na takwas a jerin masu bugu, wato can ƙasa inda ba a sa ran maki da yawa. Ya ci 87. Ya kuma buga wa Trinidad ƙwallon ƙafa.

Ban san wasan kurket ba. Me ya kamata in sani kafin in gane labarin?

Abu kaɗan ne. Kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya. A tsakiyar fili akwai wata doguwar hanya, a kowane ƙarshenta an kafa turaku uku. Mai jifa yana jefo ƙwallo mai tauri don ya bugi turakun, mai bugu kuma yana kare su da sandarsa, yana kuma neman ya buga ƙwallon nesa. Idan ya buga, shi da abokinsa sai su yi gudu su sauya wuri, kowane sauyi maki ɗaya. Idan ƙwallon ya gangara har iyakar fili, maki huɗu ke nan. Ana fitar da mai bugu idan aka bugi turakunsa, ko aka cafe ƙwallon da ya buga kafin ya taɓa ƙasa, da wasu hanyoyi kaɗan. In an fitar da shi, shi ke nan, sai zagaye na gaba.

Babban wasa tsakanin ƙasashe shi ake kira Tes. Yana ɗaukar kwanaki, yawanci biyar, kowane ɓangare yana da zagayen bugu biyu. Abin da ya fi muhimmanci ga labarinmu shi ne wannan: idan kwanakin suka ƙare ba a kammala ba, to an tashi babu wanda ya yi nasara, ko da ɓangare ɗaya ya yi wa ɗayan fintinkau. Don haka agogo ma abokin hamayya ne.

Masu buɗe bugu su ne mutum biyun farko. Su ke fuskantar sabon ƙwallo mai sheƙi da masu jifa da ba su gaji ba tukuna. Aikinsu na farko shi ne su jure, su gajiyar da masu jifa, su share wa na bayansu hanya. Cin maki ɗari a zagaye ɗaya kuwa shi ne burin kowane mai bugu. Akwai waɗanda suka buga Tes ashirin ko talatin ba su taɓa kai wa ɗari ba.

West Indies ƙasa ce?

A'a. Tawaga ce ta haɗin gwiwar yankunan Karebiyan da Ingila ta mulka, a lokacin musamman Barbados, Jamaika, Trinidad da Gayana. Ta fara buga Tes a 1928. Kowane yanki yana son ganin 'ya'yansa a cikin sha ɗayan, don haka zaɓen 'yan wasa bai taɓa rabuwa da ja-in-ja ba.

Ta yaya ya sami shiga tawagar?

Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da komai. West Indies ba ta buga Tes ba daga 1939 har Janairun 1948, wato shekarun ƙuruciyar Andy sun tafi a wasannin tsakanin tsibirai kawai. Da Ingila ta kawo ziyara ƙarƙashin Gubby Allen, wanda a lokacin yana da shekara 45, sai ta buga wasanni biyu da Trinidad kafin Tes na biyu. A na farko Andy ya ci 101, sannan 47 ba a fitar da shi ba. A na biyu ya ci 5 da 90. Ko makaho ya shafa ya san mutumin yana kan ganiyarsa.

Duk da haka ba wannan ne ya buɗe masa ƙofa ba. Jeff Stollmeyer, ɗan Trinidad kuma mai buɗe bugu na dindindin, shi ne ya ji rauni dab da wasan. Da gurbin ya samu, babu yadda za a yi a tsallake wanda ya ci wa waɗannan Turawa maki sama da ɗari biyu a cikin 'yan kwanaki.

Me ya faru a filin?

An fara wasan ranar 11 ga Fabrairu. A wancan zamani ba a kan ciyawa ake jifa a Queen's Park Oval ba, wata shimfiɗa ce ta saƙa kamar tabarma ake miƙewa a tsakiyar fili a ɗaure. Ingila ce ta fara bugu, ta tara 362. Wanda ya ɗauki nauyinta shi ne Billy Griffith, mataimakin manajan tawagar kuma mai tsaron turaku na ko-ta-kwana, wanda aka tura buɗe bugu don ciwo da rauni sun kwantar da wasu. Ya ci 140.

Sai West Indies ta shiga. Abokin Andy shi ne George Carew na Barbados, dattijo ɗan shekara 37, wanda ya fito da hular malafa mai ruwan ƙasa a kansa, yana taunar cingam. Carew ya hau masu jifan Ingila da duka ba ji ba gani. Andy kuwa ya tsaya a ɗaya ɓangaren yana karewa, yana tsinto maki ɗaya-ɗaya, yana mayar wa abokinsa bugu. Lokacin da Carew ya cika ɗari, Andy bai daɗe da haye hamsin ba. Su biyun sun tara 173 kafin a fitar da Carew da 107.

Wanda ya san wasan zai gaya maka haka ake so. In ɗaya yana kai hari, ɗayan ya riƙe gida. Su biyu ba sa zuba a lokaci guda.

Bayan Carew, Everton Weekes ya shigo ya fita, sannan Frank Worrell, wanda shi ma ranar ce farkonsa a Tes. A nan ne makin Andy ya rage gudu, yana matsowa kusa da ɗari. Mai karatu ya sa kansa a matsayinsa: ka jira shekara bakwai, ka shigo ne don wani ya ji ciwo, ka san da ya warke zai dawo, iyayenka da abokan aikinka suna cikin 'yan kallo, kuma saura maki kaɗan ka cika ɗari. Wa zai yi ganganci a nan? Ya lallaɓa ya cika ɗarin. Ya ƙara 12, sannan ya buga ƙwallon Dick Howorth sama aka cafe. Cikin makin nasa, sau 13 ya kai ƙwallo iyakar fili. Worrell ya tsaya a 97. West Indies ta tara 497, ta wuce Ingila da 135.

Ana maganar wata takarda da aka aika masa yana cikin fili. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Kyaftin ɗin wannan wasa, Gerry Gomez, ya rubuta 'yar takarda ya aika wa masu bugun biyu, Andy da Worrell, yana cewa lokaci yana ƙurewa, su ƙara sauri. A lura, su biyu aka rubuta wa. Ba a daɗe ba Andy ya fita yana ƙoƙarin kai hari, wanda ke nuna bai yi kunnen uwar shegu da umarnin ba. Amma a bakin masu ba da labari daga baya, takardar ta zama tasa shi kaɗai, ta zama hujjar cewa makinsa yake kallo, ba bukatar tawaga ba.

Yaya aka tashi?

Ruwan sama ya cinye wani yanki na lokacin. Ingila ta sake shiga, Jack Robertson ya kafe ya ci 133, suka tara 275. Ya rage wa West Indies ta ci 141 a cikin minti 57. Gomez ya sauya jerin masu bugu ya tura masu zafin hannu gaba, don haka ba a kai kan Andy ba. Suka kai 72, an fitar da mutum uku, lokaci ya cika. Aka tashi babu nasara.

Wannan ya sa tarihin Andy a Tes gaba ɗaya layi ɗaya ne: wasa ɗaya, shiga ɗaya, maki 112.

To jinkirinsa ne ya hana su nasara?

Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a zargin ba. Ya rage sauri a daidai lokacin da tawagarsa ke kan gaba, kuma da an sami ƙarin rabin sa'a a ranar ƙarshe, da lissafin ya canza. Stollmeyer da kansa ya rubuta daga baya cewa ƙarshen bugun Andy bai dace da halin da wasan ke ciki ba.

Sai dai a duba sauran abin da ya faru. Ba Andy ne ya saukar da ruwan sama ba. Ba shi ne ya kasa fitar da Robertson ba. Maki 112 a sa'o'i huɗu da rabi ba abin kunya ba ne ga mai buɗe bugu a wancan zamani, an ga waɗanda suka fi haka jinkiri aka kira su jarumai. Kuma ko a ce ya yi kuskure, hukuncin ɗan wasan da ya yi jinkiri a ranarsa ta farko shi ne a ja shi gefe a yi masa magana, a sake gwada shi. Abin da ke damuna a labarin nan ba cire shi daga wasa na gaba ba ne, wannan yana faruwa ga kowa. Abin da ke damuna shi ne an shafe shekara tara ba a sake waiwayarsa ba.

Wa aka sa a madadinsa?

A Tes na uku a Georgetown ta Gayana, John Goddard na Barbados, wanda ya karɓi kyaftin, shi ya buɗe bugu da kansa, alhali ba gurbinsa ba ne. West Indies ta ci wannan wasa, ta ci na huɗu a Kingston, ta lashe jerin da 2 da babu. Nasara kuwa tana rufe bakin mai tambaya. Da aka zo tafiya Indiya a ƙarshen 1948, aka ɗauki Stollmeyer da Allan Rae na Jamaika, aka ƙara da Carew wanda ya girmi Andy da fiye da shekara goma. Shi kansa Stollmeyer ya yarda cewa barin Andy a gida a wannan tafiya rashin sa'a ne babba.

Ana cewa akwai batun launin fata da matsayi. Yaya abin yake?

Andy da kansa haka ya ɗauka, kuma ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2007, yana da shekara 86. A ganinsa, masu riƙe da ragamar wasan ba su yafe masa halinsa na ƙin rusunawa ba, kuma da ya fito daga gidan da ya dace, da ba a yi masa haka ba.

Don a gane wannan, sai an san yadda kurket yake a Trinidad a lokacin. Kulob-kulob ɗin birnin a rabe suke bisa launi da arziki, kowa ya san inda zai je da inda ba zai taka ba. Queen's Park na farare ne da masu hannu da shuni, su ke da filin, su ke da bakin magana a zaɓen tawaga. Shamrock na tsofaffin gidajen Katolika masu asalin Faransa ne. Maple na masu matsakaicin hali ne masu hasken fata, irin ma'aikatan ofis. Shannon na baƙaƙe ne masu ƙaramin ƙarfi, malaman makaranta da akawuna, nan Learie Constantine ya fito. Stingo kuma na talakawa ne. Andy ɗan Maple ne. Stollmeyer da Gomez 'yan Queen's Park ne. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, kuma Andy ba shi da kowa a gindin wannan murhu.

A dubi kyaftin ma. George Headley na Jamaika, wanda babu mai bugun da ya kai shi a yankin kafin yaƙi, sau ɗaya tak aka ba shi jagorancin tawaga, a Tes na farko na wannan jerin na 1948. Daga nan sai aka koma wa farare. Sai a 1960 aka naɗa baƙar fata ya jagoranci cikakkiyar tafiya, bayan marubuci C.L.R. James ya yi ta fafutuka a jarida. Wanda aka naɗa shi ne Frank Worrell, abokin bugun Andy na ranar takarda.

Babu wanda ya taɓa rubutawa cewa an cire Andy don launinsa, irin wannan ba a rubuta shi. Amma tsarin da ya hana Headley da Worrell kyaftin shekara da shekaru shi ne dai ya yanke hukunci a kan Andy, kuma a tsarin akwai 'yan mowa akwai 'yan bora. Ɗan mowa in ya yi jinkiri sai a ce yana da natsuwa. Na yarda da Andy a kan wannan.

Ba don dai akwai waɗanda suka fi shi ba ne?

Wannan ma yana ciki, kuma adalci ne a faɗa. Rae da Stollmeyer sun zama masu buɗe bugu na ƙwarai. Da su aka je Ingila a 1950 aka ci jerin da 3 da 1, har da nasarar farko a filin Lord's. A bayansu ga Worrell da Weekes da Clyde Walcott, 'yan Barbados uku da duk suka fara Tes a jerin 1948, suka kuma zama fitattun duniya. Shiga wannan tawaga ba wasa ba ne. Amma tawagar tafiya tana ɗaukar mutum goma sha shida ko fiye, ana bukatar mai buɗe bugu na uku, ana bukatar mai tsaron turaku na biyu. Andy yana iya duka biyun.

Da wasan yake cin abinci?

A'a. Aikin gwamnati yake yi, kurket sai an ba shi hutu. A Karebiyan na lokacin babu albashin ɗan wasa. Wanda yake son ya rayu da sandarsa sai ya tafi kulob-kulob ɗin arewacin Ingila, kamar yadda Constantine ya tafi Nelson a 1929, Worrell ya tafi Radcliffe, Weekes ya tafi Bacup. Irin wannan kwantiragi suna ake bi, sunan kuma a Tes ake yin sa. Rufe wa mutum ƙofar Tes rufe masa wannan hanyar ce ma.

An ce an sake kiransa daga baya?

An kira shi, a 1957, tafiyar Ingila, yana da shekara 36. Ƙarfin ido da saurin ƙafa sun fara ja baya, ga sanyi da damshin Ingila da ke sa ƙwallo ya riƙa karkacewa a iska. Ya ci maki 800 a wasannin tafiyar da ba na Tes ba, mafi yawa 92 a karawa da gundumar Glamorgan. A jerin Tes biyar ɗin kuwa West Indies ta rasa tsayayyun masu buɗe bugu, ta yi ta gwaji: Rohan Kanhai, Bruce Pairaudeau, Garfield Sobers, Worrell, har da Nyron Asgarali, ɗan Trinidad sa'an Andy. Shi dai yana zaune yana kallo. Ingila ta ci jerin da 3 da babu.

Ya ci gaba da buga wa Trinidad jefi-jefi har farkon shekarun 1960. A manyan wasanni gaba ɗaya, wato har da na Trinidad da na tafiyar Ingila, ya buga 50, ya ci maki 2,785, ya cika ɗari sau biyar, mafi yawa 159.

Da gaske ne matsakaicin makinsa ya fi na Don Bradman?

A lissafi, i. Ana raba jimillar maki ne da adadin lokutan da aka fitar da mutum. Bradman na Ostireliya, wanda ake ɗauka shi ne gwanin masu bugu a tarihin kurket, ya ci 6,996 a Tes 52, an fitar da shi sau 70, ya tashi da 99.94. A shigarsa ta ƙarshe, a watan Agustan wannan shekara ta 1948, maki huɗu kawai yake nema ya cika matsakaicin 100, Eric Hollies ya fitar da shi bai ci ko ɗaya ba. Andy kuwa 112 a raba da ɗaya, 112 ne.

Masu kididdiga ba sa sa shi a jerin, don suna bukatar mutum ya shiga aƙalla sau ashirin, kuma daidai ne. Babu mai hankalin da zai ce ya fi Bradman, shi ma bai ce ba. Abin da ban so shi ne yadda lambar ta mayar da shi abin kacici-kacici, ana tambaya a gasa ana dariya. Lambar ta tsaya a 112 ne don an hana shi damar da zai sauko da ita. Da ya buga Tes ashirin ya tashi da 35 ko 40, da ya fi masa.

Akwai wasu irinsa?

Akwai Rodney Redmond na New Zealand, wanda ya ci 107 da 56 a kan Pakistan a Auckland a 1973, bai sake buga Tes ba. Nasa dalilin daban ne: ya sami matsala da gilashin da ake maƙalawa a ƙwayar ido, bugunsa ya lalace a tafiyar Ingila da ta biyo baya. A 2019 kuma Kurtis Patterson na Ostireliya ya buga Tes biyu da Siri Lanka, ya ci 30, sannan 114 ba a fitar da shi ba, matsakaicinsa ya zama 144.

Yaya ƙarshen rayuwarsa?

Ya zauna a Trinidad, ya ga 'yancin kan ƙasarsa a 1962, ya ga West Indies ta zama gagarabadau a duniyar kurket a shekarun 1970 da 1980 ƙarƙashin baƙaƙen kyaftin, Clive Lloyd da Viv Richards. Ya riga ya binne kusan duk 'yan tawagar West Indies na jerin 1948: Worrell ya rasu a 1967 yana da shekara 42, Stollmeyer a 1989, Gomez a 1996. Andy ya rasu ranar 17 ga Fabrairun 2016, shekara 68 da kwana ɗaya bayan tashi daga wancan wasa. A lokacin shi ne mafi tsufa a cikin duk waɗanda suka taɓa buga wa West Indies Tes da ke raye.